Kafaɗar Hagu

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yan matan da kowa na gida. Ni lafiya lau, sai ɗan tari da ƙurar siminti ta sa mini, likitan kamfani ya ce zai tafi idan ƙirjina ya saba. Direban tirelar da zai miƙo miki wannan takarda ɗan wasana ne, shi ke tsare mana baya ta dama, duk abin da za ki aiko ki ba shi.

An ba ni ɗaki a bayan ma'ajiyar buhuna, gadon ƙarfe da kujera ɗaya, taga tana kallon filin ƙwallo. Filin babu ciyawa sai a kusurwoyi. 'Yan wasan nawa masu lodin buhu ne da direbobi da kanikawa, sai mai gadi guda da ke tsare raga. Daga aiki suke zuwa atisaye, girarsu ta yi fari fat kamar tsofaffi. Ba su iya ado da ƙwallo ba, amma ba sa gajiya, kuma abin da na ce shi suke yi.

Kin san abin da ke cina. Ni na ɗauki ƙungiyar 'Yan Ja tun suna wasa ba takalmi har na kai su rukunin manya. Ladan da na samu shi ne Ciyaman ɗin ƙungiyar ya kore ni ta rediyo, ina zaune a falona da kofin shayi a hannu. Tabarau kuma, wanda na tsinta yana ɗaukar mini jakar ƙwallaye na mai da shi mataimakina, washegari ya rataya usur ɗina ya tsaya a inda nake tsayawa. Wallahi ko barci nake ina ganin wannan tsayuwar.

To ga labari. An fara gasar kofin ƙasa, kuma kin san tsarinta, sili ɗaya ƙwale, manya da ƙanana duk ƙuri'a ɗaya. Mun fitar da 'yan jirgin ƙasa da ci biyu ba ko ɗaya. A lig ba zan taɓa haɗuwa da 'Yan Ja ba, sun yi mana nisa. A kofi kuwa hanya a buɗe take. Zan yi ta bin ta har Allah ya haɗa mu.

Za ki ga ban tambayi lafiyar ɗanmu Dogo ba. Da gangan ne. Ɗan da aka wulaƙanta ubansa, gari na wayewa ya ɗauki safar hannunsa ya tafi tsare wa mutanen raga, ban san me zan tambaya a kansa ba.

Naki,
Baban yara

*

Maigida,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kake lafiya. Ka riƙa ɗaura ƙyalle a hanci, kada ka ce kai ƙarfe ne. Auta ta yi mura ta warke. Gwiwata na nan yadda ka barta. Dogo kuma, ko ba ka tambaya ba ni zan faɗa, tsohon ciwon kafaɗar nan ya taso masa. Yana ɓoye wa Tabarau don kada a zaunar da shi a benci, sai ya biyo nan bayan atisaye in gasa masa da ruwan zafi. Yana cin abinci kansa a ƙasa, ba ya kallon kujerarka.

Ka sassauta masa. Yaron nan ba shi da wata sana'a sai wannan raga, kuma kai ka saka shi a cikinta. Ya ce mini, “Mama, in na bi Baba, cewa za a yi dama alfarma nake ci.” Ban ce ya yi daidai ba, amma na ji shi.

Su kuwa waɗancan, kada Allah ya sa ka sassauta. Matar Tabarau, wadda da take zuwa aron tukunyata, yanzu a motar ƙungiya ake kai ta kasuwa. Ta gan ni a bakin titi da kaya a ka, ta sa aka rage gudu, ta sauke gilashi ta ce, “Sannu Mama, ya mai gidan namu, an ce yana can wajen 'yan dako?” Na ce mata yana lafiya, yana koya musu abin da ya koya wa mijinta, sai dai su suna da kunya. Ta ɗaga gilashinta.

Ba shi ke nan ba. Hotonka da ke bangon ofishin ƙungiya, wanda kake riƙe da garkuwar hawa rukuni, an cire shi an jefa bayan sito. Mai yankan ciyawar fili ne ya tsinto ya kawo mini, ruwan sama ya cinye rabin fuskarka. Na karɓa ban yi kuka a gabansa ba.

Kullum na idar da salla ina roƙon Allah ya haɗa ku, kuma ya haɗa ku a gaban jama'a, inda duk wanda ya ji korarka a rediyo zai ji nasu a rediyon. Ka matsa wa 'yan dakon naka. Ka ce musu akwai wata tsohuwa a nan da ke azumi dominsu.

Matarka

*

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Tarin ya yi sauƙi. Na ji daɗin amsar da kika ba matar can, na karanta wurin har na haddace.

Kin ga na daɗe ban rubuto ba, aiki ne ya sha kaina. Mun wuce zagaye uku tun waccan takarda. 'Yan kwalejin malamai ba su ba mu wahala ba. 'Yan banki sai da aka kai ga bugun fenariti, mai gadinmu ya ture biyu, abokansa suka ɗauke shi a ka har ƙofar kamfani inda zai kama aiki. Na ƙarshen su ne manya, ƙungiyar rukunin farko da motarsu mai sanyi da likitocinsu. Sun sauko suna dariyar filinmu. Kyaftin ɗina, wani mai lodi da wuyansa ya kai cinyata kauri, ya sa musu ɗaya da ka, muka rufe gida har aka tashi. Manajan kamfani da bai taɓa zuwa kallo ba yanzu shi ke kawo mana lemo da kansa.

An jefa ƙuri'ar wasan kusa da na ƙarshe muna tsaye a kantin ma'aikata, an ƙure rediyo. Da mai sanarwa ya kira sunanmu, ya kira 'Yan Ja, yaran suka juyo gaba ɗaya suna kallona.  Na fita na zagaya filin ni kaɗai. Addu'arki ta ci. Za a yi wasan a babban filin birni, kuma za a nuna a talabijin.

Batun Dogo. Kin ce kafaɗa, ba ki ce wacce ba. Ta hagun ce da ya faɗi a kanta yana ƙarami, ko ɗayar? Hannun yana ɗaguwa har sama, ko yana tsayawa? Da ya faɗi ta wannan gefen ne yake jin ta, ko da ya miƙa? Ki duba da kyau ki rubuto mini dalla-dalla. Ga man shafawa nan na karɓo wurin likitanmu, a riƙa murza masa safe da yamma.

Baban yara

*

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Duk muna lafiya, kuma yau gidan nan ya fi kowace rana haske tun tafiyarka.

Na san zuciyarka ba dutse ba ce. Da Dogo ya zo na ajiye masa kwalbar man a gabansa, na karanta masa ƙarshen takardarka. Ya ce, “Baba ne ya tambaya? Da kansa?” Na ce ga rubutunsa nan, duba. Ya karɓa ya duba, ya daɗe yana juya kwalbar a hannu. Daga nan ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Na ce masa babanka dalla-dalla yake so, tashi ka nuna mini. Ya tuɓe riga a tsakar gida, Auta tana jefa masa ƙwallo. Ta hagun ce. In ƙwallo ta zo ƙasa, ko ta wane gefe, babu matsala. In ta zo sama ta damansa, nan ma lafiya. Amma in ta zo sama ta hagu, hannun yana kaiwa daidai kunne sai ya tsaya, sai dai ya tsallako da na dama, kafin nan ta wuce. Ya ce a wurin atisaye yana tsayawa ɗan kusa da wannan gefen don kada a gane, kuma har yau Tabarau bai lura ba. Ya ce in gaya maka man yana da zafi amma yana aiki, kuma in tambaye ka ko ya riƙa ɗaure ta ranar wasa.

Garin nan ba a maganar komai sai wasanku. Tabarau ya sake shiga rediyo, ya ce zai ba tsoho girmansa, ba zai wuce ci uku ba, don ya san masu dakon buhu suna da aiki washegari. Ciyaman ya yi hayar motoci na kai magoya baya, har an buga riguna na wasan ƙarshe tun ba a je ba.

Ka kunyata su, Maigida. Ina so in ga tabaran nan ya faɗi ƙasa. Abin da nake roƙo kawai, a ci su ta hanyar da ba za a ce laifin ɗana ba ne. Na san ba a yin oda a ƙwallo, amma uwa ce ke magana.

Matarka

*

Baban Dogo,

Ina fatan kana lafiya. Na jira amsarka kafin wasa ba ta zo ba. Na jira bayan wasa, direbanka ya wuce ta ƙofar gidan nan bai tsaya ba. To ni ga tawa.

A falo muka kalla, maƙwabta sun cika har bakin ƙofa. Da kuka sa ta farko na miƙe na yi rawa, ba zan ɓoye ba. Na ga an nuno Ciyaman yana goge wuya, na ce Allah na gode. Da kuka sa ta biyu na ga inda ta shiga, sama ta hagu, daidai inda ta farko ta bi. Sai na zauna. Daga nan na daina kallon ƙwallo, na koma kallon yaranka. Kowa ya samu, ko daga ina yake, can yake nema. Har mai tsaron bayan da bai iya bugu ba can yake ɗagawa. Na yi zaman aure da koci tun ina yarinya, na san sa'a, na san shiri.

Ta ukun ka ganta da idonka. Ya san ba zai kai ba, ya tashi duk da haka, ya sauka a kan kafaɗar. Ana ɗauke shi a gadon majinyata mai talabijin yana nuno ka kana gyara hula.

Ga abin da ba a nuna maka ba. Kafin motocin magoya baya su dawo gari, labari ya riga su, wai Dogo ya sayar wa ubansa wasa. Samari sun zo ƙofar gidansa da duwatsu, sai da matarsa ta fita ta baya da goyo. An rubuta mana “maciya amana” da fenti a bango. Ƙungiya ta dakatar da shi, sun ce ba za su biya asibiti ba tunda ya ɓoye ciwo. Likitan ƙashi ya ce sai an yi aiki, kuma ko an yi, bai yi alkawarin raga ba.

Yana nan a ɗakinsa na da, hannu a rataye. Bai zage ka ba, bai zage ni ba. Abu ɗaya ya ce mini, “Mama, ni na tuɓe riga na nuna.” Ni kuma ni na rubuta.

Tambaya ɗaya nake da ita, kuma kada ka yi mini zagaye irin na 'yan jarida. Ranar da ka ce in duba maka wace kafaɗa ce, uba ne ya tambaya ko koci?

Uwar Dogo

*

Maman yara,

Na gaishe ki, na gaida yara. Jikina lafiya. Ban rubuto kafin wasa ba domin duk abin da zan rubuta ƙarya zai zama, ni kuma ban saba yi miki ba.

Kin ce kada in yi zagaye. Da na sayi man, uba ne. Da amsarki ta zo na karanta, koci ne ya ninke takardar. Na tara yaran na ce musu sama, hagunsa, kada kowa ya ɓata ƙwallo a wani wuri. Sati guda muna wannan atisayen.

Ki tuna ke kika ce in kunyata su. Da me kike so in yi? Su suna da 'yan wasan da aka sayo daga ƙasashen waje, ni ina da masu lodi. Ƙofa ɗaya ce a gidan, na shiga ta nan. Kuma a tambayi Tabarau, wane irin koci ne golansa zai yi wata da watanni da hannu ɗaya bai gani ba? Bayan ta biyu ko makaho ya san a canza yaron. Bai canza ba, don bai san abin da yake kallo ba. Abin da nake so duniya ta gani ke nan, kuma ta gani.

Ba zan ce miki ban ji daɗi ba. Na ga Ciyaman ya sulale daga mazaunin manya tun ba a tashi ba, mutanensa na jifan motarsa da robar ruwa. Na ga Tabarau ya zo ba ni hannu, na bar hannun a iska na wuce. Na daɗe ban yi numfashi irin na ranar ba.

Akwai abin da ban so ki ji a bakin wani. A hutun rabin lokaci kyaftin ya ja ni gefe ya ce, “Koci, biyu ta isa, ɗanka ne fa, hannun nan ya mutu.” Na ce masa ba ni da ɗa a filin nan, a ƙara. Haka na ce.

Bayan an tashi na je ɗakin da aka kwantar da shi. Na ce, “Sannu, Dogo.” Ya dube ni ya ce, “Barka da nasara, Koci.” Ya juya fuska bango. Na tsaya kaɗan na fito.

Asibitin kamfani yana da likitan ƙashi mai kyau, na yi magana da manaja, ya yarda a yi masa aikin a nan. Ki sa shi a mota. In ya warke raga tana jiransa a wurina. Wasan ƙarshe kuma da ƙungiyar babban birni ne, na ajiye muku kujeru. Ki zo ki ga abin da kika yi wa azumi.

Baban yara

*

Zuwa ga Koci,

Assalamu alaikum. Da fatan ka koma lafiya, kuma gajiyar hanya ta sake ka. An yi mini aikin a nan, kawunnaina ne suka tsaya. Likita ya ce hannun zai yi cin abinci da ɗaukar yaro, amma in manta da raga. Mama na nan, gwiwar ce dai. Ba ta ba ni saƙo ba.

Na san ka gan ni ranar wasan ƙarshe, don ka kalli bayan bencin 'yan babban birni sau da yawa. Ni ne mai hannu a rataye. Ba na so ka yi ta zargin yaranka, babu wanda ya ci amanarka a cikinsu. Ni na je da ƙafata na nemi kocinsu.

Bai yarda da ni ba da farko. Ya ce, “Ɗan mutum zai kawo mini ubansa?” Na ce ya saurara tukuna. Na gaya masa in ka cire hula, 'yan bayanka za su taso gaba ɗaya don kama satar gida, sai a jefa ta bayansu daga tsakiya. Na gaya masa bugun kusurwarka na farko kullum gajere ne. Na gaya masa ba ka canza ɗan wasa in ana cinka, sai ka ga kamar ka amsa kuskure ne, don haka duk wanda ya gaji a cikin naka zai zauna a fili har a tashi. Tun ina ƙarami nake zaune a bayanka ina kallo, ban san ina tarawa ba.

Ka cire hula, aka sa ta farko. Direbanka ya gaji bayan hutu, ka bar shi, ta gefensa aka sa ta biyu da ta uku. Da ta kai biyu kocin ya waiwayo ya ce mini ko su ja baya su riƙe. Na ce a ƙara.

Na ɗauka zan ji daɗi fiye da haka. Na ji dai. Na ga kyaftin ɗinka zaune a ciyawa yana kuka, shi kam ban so ba, an gaya mini abin da ya ce maka a kaina. Ka gaishe shi.

Mama ta san inda za ni ranar. Ba ta ce je ka ba, ba ta ce kada ka je ba. Ita ta goge mini rigar da na saka.

'Yan babban birni sun ba ni aikin horar da masu tsaron ragarsu, zan tafi da iyalina ƙarshen wata. Kafin nan ga labarin da na san kana jira. An kori Tabarau, a rediyo. Ciyaman ya zo gidan nan da kansa, Mama ta bar shi a tsaye a rana har ya gaji, sannan ta ce ba ka nan. Yana nemanka ka dawo kujerarka, ya ce duk sharaɗin da ka gindaya ya yarda.

Ka karɓa, Koci. 'Yan Ja suna rukuninmu, gida da waje za mu riƙa haɗuwa, ba sai mun jira ƙuri'a ba.

Dogo